Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya: Wa Ke Ɗaukar Alhakin Maganin Da Aka Rubuta Ba Da Izini Ba?

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a na Tarayyar Nijeriya,
Farfesa Muhammad Ali Pate,
Abuja.



Ranka ya daɗe, abin da ya sa na ɗauki alƙalami, na kuma zaɓi in yi maka magana a bainar jama'a maimakon in aika da takarda ta bi layin ofis, shi ne wata mas'ala wadda da wuya a sami gidan da ba ta taɓa ba, ko da yake ba a cika ambatonta da sunanta ba. Idan ma'aikacin asibiti wanda doka ba ta ba shi izinin rubuta wani magani ba ya rubuta shi, ya yi kuskure wajen zaɓinsa ko wajen gwargwadonsa, har majinyaci ya rasa ransa ko wata gaɓa tasa, wa ke ɗaukar alhakin, a gaban wa za a kai ƙara, kuma daga aljihun wa diyya za ta fito? Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja daga shari'a da kuma dokar ƙasa, shi ne alhakin nan ba ya faɗuwa don an ambaci ƙaddara, kuma bai kamata ya tsaya a kan hannun da ya riƙe biro ba, tilas ya hau har ya kai ga wanda ya zaunar da mai hannun a kujerar da ba tasa ba.

Ba sai na bayyana maka yadda asibitocinmu na karkara suke ba, domin kai ne ka shugabanci hukumar raya lafiya a matakin farko ta ƙasa daga 2008 zuwa 2011, kuma a zamaninka ne aka fito da shirin tura ungozomomi ƙauyuka a 2009. Ka fi ni sanin cewa a mafi yawan ƙananan asibitocin da talaka ke iya kaiwa da ƙafarsa ko a bayan babur babu likita ko ɗaya, kuma wanda jama'a ke kira likita a can malamin asibiti ne, ko nas, ko ungozoma, a wani wurin ma ɗan sa-kai ne wanda ya daɗe yana aiki ba albashi da fatan wata rana a ɗauke shi. Hatta a manyan asibitocin birni, idan dare ya raba, likita ɗaya ke riƙe da ɗakuna da dama, sai nas ta kira shi a waya ya faɗa mata magani da baki, ko kuwa ta kira ba ta same shi ba, ga majinyaci yana numfashi sama-sama, ga danginsa sun tsaya mata a ka, sai ta rubuta abin da ta saba gani ana rubutawa. Kai da bakinka ka sanar da ƙasa cewa likitoci fiye da 16,000 sun bar Nijeriya cikin shekaru biyar zuwa bakwai, waɗanda suka rage kuwa galibinsu sun taru a manyan birane. Saboda haka duk wanda zai yi adalci cikin wannan magana wajibi ne ya fara da shaida cewa waɗannan ƙananan ma'aikata su ne ke riƙe da lafiyar karkara, kuma da za su ajiye biro gaba ɗaya su ce sai likita ya zo, da asarar rayukan da za a yi ta ninka wadda ake yi yanzu.

Hukuma ma ta san da wannan larura, kuma ta yi mata tanadi iyakar yi. Tun 1992 akwai hukumar da ke yi wa malaman asibiti rajista, kuma ana ba su littafin ƙa'idojin aiki wanda ya zayyana cututtukan da za su iya yi wa magani, da irin magungunan da za su bayar, da alamomin da idan suka gani ya wajaba su tura majinyaci gaba ba tare da jinkiri ba. A 2014 kuma aka fito da manufar rarraba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya, wadda ta halatta wa wanda aka horar ya yi wasu ayyuka da a da sai likita ko ungozoma, kamar fara yi wa mai jijjigar haihuwa allurar gaggawa kafin a tura ta babban asibiti. Wannan tsari ne na hikima, domin larura tana halatta abin da aka hana. Sai dai malaman da suka kafa wannan ƙa'ida sun haɗa ta da 'yar'uwarta, cewa larura ana auna ta gwargwadon bukata. Abin da ya faru a wurare da yawa shi ne iyakar da littafi ya shata ta shafe a aikace, har wanda aka ba izinin abu goma ya zama yana yin ɗari, shugabansa yana gani bai hana ba, domin hanawar za ta tona cewa babu wanda zai yi aikin.

Illar wannan kuwa, ranka ya daɗe, ka san ta a matsayinka na likita fiye da yadda zan iya siffantawa, amma zan ambaci kaɗan domin masu karatu. Allurar jentamaisin, wadda ake yi kamar ruwa a ƙananan asibitoci, idan aka zarce gwargwado ko aka daɗe ana yi wa wanda ƙodarsa ba ta da ƙarfi, tana lalata ƙoda tana kuma kurmantar da mutum har ƙarshen rayuwarsa, abin da ya sa hukumar NAFDAC ta soke rajistar mai ƙarfin miligiram 280 a 2010. Ruwan naƙuda, idan aka ɗaura wa macen da ƙugunta ya tsuke ko ɗanta ya zo a gicciye, ba tare da an auna ana kuma sa ido ba, yana iya fasa mahaifa a rasa uwa da ɗa a dare guda. Maganin ciwon jiki irin su diklofenak yana huda cikin mai gyambon ciki, yana ƙarasa ƙodar mai hawan jini ko ciwon sukari. Yaro kuma ana auna masa magani ne da nauyin jikinsa, wanda bai koyi wannan lissafi ba sai ya raba na babba biyu ya ba jariri. Allurar da aka soka a wurin da bai dace ba a ɗuwawun yaro tana taɓa jijiya ta bar shi yana jan ƙafa, iyaye su ɗauka shan inna ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, lokacin da ta ƙaddamar da yaƙi da kurakuran magani a 2017, ta ƙiyasta asarar da suke jawowa duniya a kan dala biliyan 42 kowace shekara, wannan kuwa lissafin dukiya ne kawai, rai ba ya shiga ma'auni.

To, idan abin ya auku, me ke biyo baya? Galibi ɗaya daga cikin abubuwa biyu ne, kuma dukansu zalunci ne. Na farko, kuma shi ya fi yawa, a ce wa dangi kwana ne ya ƙare, a ba su haƙuri, su ɗauki gawarsu su tafi ba tare da an gaya musu abin da aka ba ɗan'uwansu ba. In wani daga cikinsu ya yi yunƙurin tambaya, a ce masa ba ya yarda da ƙaddara, katin majinyaci kuma a neme shi a rasa. Na biyu, idan mamacin yana da gata ko labarin ya fantsama, sai a damƙe ƙaramin ma'aikacin da ya yi allurar, a miƙa shi ga 'yan sanda ko a kore shi daga aiki, wani lokaci ma fusatattun dangi su lakaɗa masa duka kafin kowa ya yi bincike, alhali mai asibitin da ya ɗauke shi don arha, da shugaban da ya rubuta sunansa shi kaɗai a aikin dare, da ƙaramar hukumar da ta shekara ba ta aiko da mai duba aiki ba, duk suna gidajensu ba wanda ya tambaye su. A hali na farko an danne haƙƙin mamaci, a na biyu an ɗora wa mai rauni kayan masu ƙarfi, kuma a duka biyun ba a gyara komai ba, gobe wani zai zauna a kujerar nan ya sake wannan kuskure.

Game da fakewa da ƙaddara, wajibi ne a faɗa da babbar murya cewa shari'ar Musulunci ba ta yarda da shi ba. Babu Musulmin da ke shakkar cewa ajali ba ya gabata ba ya jinkiri, amma Ubangijin da ya ƙaddara ajali shi ne ya wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, da kuwa ƙaddara tana kankare alhaki da ba a saukar da wannan hukunci ba. Ayar ta buɗe wa magada ƙofar yafewa a matsayin sadaka, kuma yafiya halin kirki ce da mutanenmu suka shahara da ita. Sai dai sadaka ba ta inganta sai daga wanda ya san abin nasa ne, ya kuma bayar da shi da yardar ransa, wanda aka ɓoye wa gaskiya har ya tafi yana zaton cuta ce ta kashe ɗansa bai yafe komai ba, an dai ƙwace masa haƙƙi ne bai sani ba. Hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan mutumin da ya kutsa cikin sana'ar magani ba a san shi da iliminta ba, kuma a kansa fuƙaha'u suka gina babi guda. Shehu Halilu, a cikin Muhtasar ɗinsa da ake karantawa a zaurukan malamanmu tun ƙarnoni, ya rataya lamunin mai magani a kan abubuwa uku: jahiltar sana'ar, ko gazawa wajen yin abin da ya kamata, ko yin aiki ba tare da ingantaccen izini ba. Ibnu Rushdi kuma, a cikin Bidayatul Mujtahid, ya bambanta ƙwararren da hannunsa ya kuskure, wanda diyyarsa ke kan aƙila, wato jama'arsa da ke haɗa kai su biya masa diyya, da wanda ba ma'abocin sana'ar ba ne, wanda ake haɗa masa da ladabtarwa.

Akwai wani tafsili na Ibnul Ƙayyim a cikin Zadul Ma'ad wanda ya dace da halinmu kamar don mu aka yi shi. Da ya kasa masu magani kashi biyar, sai ya bayyana cewa idan majinyaci ya miƙa kansa ga wani yana zaton likita ne, alhali ba likita ba ne, to lamuni ya tabbata, domin izinin da ya bayar an gina shi ne a kan ruɗi. Ya kuma kawo ruwaya cewa ƙwararren da ya yi ijtihadi ya siffanta magani ya kuskure, diyyar tana iya fitowa daga baitulmali. Duba, ranka ya daɗe, yadda wannan ya faɗa kan talakan da ya shiga asibiti ya tarar da kowa sanye da farar riga, babu suna babu matsayi a ƙirjin kowa, yana kiran kowa likita, ba kuma wanda ya gyara masa. Magabata ba su bar al'amarin a cikin littattafai kawai ba. A shekara ta 319 bayan Hijira, daidai da 931, da labari ya kai wa Halifa Muƙtadir cewa wani mutum ya rasu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, sai ya umarci muhutasibi, wato shugaban hisba, ya hana kowa taɓa majinyaci sai wanda babban likitansa Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba ya ba shi takardar izini, aka jarraba mutum fiye da 860. Abin lura a nan shi ne mai mulki bai tsaya ga hukunta mutum ɗaya ba, ya ɗauki mutuwar talaka guda a matsayin shaida a kan gazawar hukuma, ya gyara ƙofar da ɓarnar ta shigo.

Idan muka juyo ga dokar ƙasa, za mu tarar ba rashin dokoki ke damunmu ba, warwatsuwarsu ce. Dokar likitoci ta haramta wa wanda ba shi da rajista ya yi aikin likita don neman lada, kuma majalisar likitoci, wadda aka kafa tun 1963, tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa. Sai dai iyakar ikon wannan kotu shi ne ta yi gargaɗi, ko ta dakatar, ko ta soke suna daga rajista, ba ta da ikon yanke wa majinyaci diyya, kuma hannunta ba ya kaiwa ga wanda ba likita ba. Nas da ungozoma suna da tasu majalisa, masana harhaɗa magunguna da masu kemis suna ƙarƙashin wata, wadda aka sabunta dokarta a 2022, malaman asibiti kuma suna da tasu hukuma, ta yadda bazawarar da mijinta ya rasu a hannun mutum uku, wanda ya rubuta da wanda ya bayar da wanda ya yi allura, sai ta ƙwanƙwasa ƙofa uku kafin a saurare ta, alhali ko ɗaya ba ta san hanyarta ba. Dokar manyan laifuffuka ta Kudu, a sashe na 303, ta wajabta wa mai yi wa wani magani ya kasance da ƙwarewa da kulawa gwargwadon hankali, sashe na 343 kuma ya hukunta mai ba da magani da sakaci, dokar finalkod ta Arewa ita ma ta lissafa kisan da gaggawa ko sakaci ya jawo cikin laifuffuka. Amma ɗaure mutum ba ya ciyar da marayu.

Kotuna kuwa sun daɗe da shata hanya, da za a bi ta. A farkon shekarun 1940 wani likita mai rajista, Dokta Akerele, ya yi wa yara allurar ciwon tunjere a Lardin Owerri da maganin da ya haɗa da hannunsa ya yi ƙarfi, yara goma suka rasu, kotun ƙasa ta same shi da laifin kisa, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta tabbatar, amma majalisar ƙoli ta masarautar Ingila ta rushe hukuncin, bisa hujjar cewa sakacin da ke kai mutum kurkuku sai ya kasance mai muni ƙwarai, kuma ba a auna munin sakaci da munin sakamakonsa kaɗai. A 1961 kuma, a shari'ar Igbokwe da hukumar asibitin koyarwa na Ibadan, inda wata mai jego da aka ce a sa mata ido ba a sa ba ta faɗo daga bene ta rasu, kotu ta ɗora alhaki a kan hukumar asibitin saboda sakacin ma'aikatanta. Waɗannan hukunce-hukunce biyu, idan aka haɗa su, sun ba mu mizanin da muke nema: kurkuku na mai ganganci ne da mai mummunan sakaci, diyya kuwa tana kan wanda ya ɗauki ma'aikaci aiki. Abin takaici, akwai wata tsohuwar doka ta kare ma'aikatan gwamnati, wadda asalinta ya koma 1916, da ta iyakance wa mai ƙarar ma'aikacin hukuma wata uku kacal; matar da ke takaba ta wata huɗu da kwana goma ba za ta fita daga idda ba sai ƙofar kotu ta riga ta rufe.

Misalin al'amarin, Allah ya taimake ka, kamar mai babbar mota ne da direbansa ya tafi, maimakon ya ajiye motar ko ya nemi wani direban, sai ya miƙa makulli ga yaron mota, ya cika ta da fasinja, ya karɓi kuɗinsu. In ta faɗi, babu alƙalin da zai kama yaron shi kaɗai ya sallami mai motar. Ba ina nufin a wanke ma'aikacin da ya ƙetare iyakarsa ba. Wanda ya san littafinsa ya hana shi wani magani, ga hanyar tura majinyaci gaba a buɗe, amma ya ƙi saboda girman kai ko kwaɗayin kuɗin allura, wannan ya ci amana, kuma ya cancanci a karɓe takardarsa a gurfanar da shi. Haka nan wanda bai taɓa shiga makarantar kiwon lafiya ba ya buɗe ɗaki yana ƙarin ruwa yana rubuta magani, da mai kemis da lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne ya mai da bayan kantinsa ɗakin kwantar da marasa lafiya. Amma wanda aka bari shi kaɗai da tsakar dare, babu likita, babu motar ɗaukar majinyaci, babu mai amsa waya, ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kuskure, hukuncinsa daban ne, kuma kaso mafi girma na alhakinsa yana wuyan waɗanda suka bar shi a wannan hali.

Ina kuma jan hankali kada zafin neman haƙƙi ya kai mu ga mai da kowane kuskure laifin kurkuku, domin an ga abin da hakan ya haifar a wata ƙasa. A Amurka, wata nas mai suna RaDonda Vaught ta ɗauko maganin da ke shanye tsoka a madadin na kwantar da hankali a ƙarshen 2017, majinyaciyar ta rasu, ita da kanta ta faɗi kuskurenta nan take, amma a 2022 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci, har ƙungiyoyin ma'aikatan jinya suka yi gargaɗin cewa daga yau wanda ya yi kuskure zai ɓoye. Kuskuren da aka ɓoye kuwa ba a koyon darasi daga gare shi, kuma majinyacin da da an faɗi gaskiya da wuri za a iya ceto shi, sai ya mutu cikin shirun masu tsoro.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo. Da farko, a tattara abin da ya warwatsu cikin ƙa'ida guda mai ƙarfin doka, wadda za ta bayyana wane rukunin ma'aikata ne ke da izinin rubuta wane magani, a wane matakin asibiti, bayan wane horo, a fassara ta cikin harsunan jama'a a manna a bangon kowane asibiti. A wajabta wa kowane ma'aikaci ya rataya sunansa da matsayinsa, kowace takardar magani ta ɗauki sunan mai rubutawa da lambar rajistarsa, umarnin da likita ya bayar ta waya kuma a rubuta shi nan take, ya zo ya sa hannu kafin ya tashi aiki. Ingila ta halatta wa nas rubuta magani da doka tun 1992, ta faɗaɗa izinin a 2006, amma da horo da jarrabawa da rajista, mu da muka fi su bukatar haka mun fi cancantar tsara shi. Na biyu, a rubuta ƙarara cewa asibiti, na gwamnati ne ko na kuɗi, shi ke fara amsa ƙarar majinyaci ya biya diyya, daga baya ya tuhumi ma'aikacinsa in akwai dalili, kuma mai asibitin kuɗi da ya rataya takardar shaidarsa a bango ya bar wa marasa rajista aiki, a rufe asibitin a kuma kai shi gaban majalisarsa.

Na uku, a kafa asusun diyya wanda gwamnatoci da masu asibitoci za su riƙa zuba wa kuɗi, domin hukuncin da babu mai iya biyansa takarda ce kawai. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, shi ne hikimar aƙila, kuma a mazhabar Malikiyya waɗanda diwani ɗaya ya tara sunayensu suna karɓar albashi tare su ake fara nema kafin dangi. Na huɗu, ka haɗa kai da Babban Lauyan Tarayya da Majalisar Ƙasa a fitar da cutarwar asibiti daga ƙarƙashin wa'adin wata uku, a kuma tabbatar wa majinyaci ko magadansa haƙƙin karɓar kwafin katinsa, ɓatar da kati bayan rasuwa ya zama hujja a kan asibiti. Na biyar, tun da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba kowa damar kai kuka, kundin haƙƙoƙin majinyaci na 2018 kuma ya nanata, a buɗe ƙofa guda a kowace jiha inda talaka zai faɗi kukansa da harshensa ba tare da lauya ba, ita kuma ta isar da shi ga majalisar da ta dace, ta dawo masa da amsa cikin wa'adi sananne. Na shida, a ba da kariya ga ma'aikacin da ya bayyana kuskurensa da gaskiya, da wanda ya ƙi bin umarnin yin abin da ya fi ƙarfin izininsa, kada a yi masa canjin wurin aiki na horo ko a riƙe masa ƙarin girma. Na san yawancin asibitocin nan a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, amma kai ke shugabantar majalisar lafiya ta ƙasa inda kwamishinoni ke zama, kuma ta hannun ma'aikatarka kuɗin asusun kula da lafiya na matakin farko ke bi, wanda ya riƙe taro ya riƙe asusu kuwa ba a ce ba shi da ta cewa.

Ban jahilci cewa za a ce wannan tsari zai ci kuɗi, zai kuma buɗe ƙofar ƙararraki ba. Amsata ita ce kuɗin nan ana biyansa yanzu haka, sai dai marayu da zawarawa da kurame da guragu ne ke biya, su da ba su da hannu cikin laifin, kuma hukumar da ta san za ta biya diyya ita ce za ta aika mai duba aiki, ta gyara motar asibiti, ta ɗauki ƙwararre. Allah ya haɗa maka ilimin likitanci da ikon zartarwa da sanin halin karkara, abubuwa uku da ba kasafai suke taruwa ga mutum ɗaya ba, kuma kowace ni'ima daga cikinsu abin tambaya ce ranar hisabi. Ina roƙonka ka kai wannan mas'ala gaban majalisar lafiya ta ƙasa a zamanta mai zuwa, ka kuma sa a fara rubuta ƙa'idar tun kana kan wannan kujera. Allah ya yi maka jagora, ya kewaye ka da mashawarta na gari, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ta wannan hanya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma saka wa ma'aikatan lafiya masu riƙon amana da alheri.

Haza wassalam.

Naka mai biyayya da fatan alheri,
Wani almajiri daga cikin talakawan ƙasa.